Hoton fara kafin ta tashi

Duk shekara idan damana ta yi nisa, hatsi ya fara fid da kai, akwai labarin da ba ya rasa zagayowa cikin kasuwanni da biro-biro: an ga fara. A da, direbobin manyan motoci masu saukowa daga Agadas ko Tanut ne ke kawo shi a baki. Yau salula ke kawo shi, kuma da hoto a haɗe. Sai dai in ka buɗe hoton, me za ka gani? Jar ƙasa, ƴar ciyawa, da wani dishi-dishi a tsakiya wanda zai iya zama fara, zai iya zama busasshen ganye. A kan irin wannan hoto ne mai hatsi a kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram zai ɗaure bakin buhunsa ya ce sai ya ga abin da hali zai yi, tiya ta ƙara kuɗi kafin la'asar, ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata ya ji a jikinsa.

Don haka a wannan mako nake so mu tattauna yadda ake ɗaukar hoton ƙaramar halitta mai saurin gaske, kusa da kusa, a inda take rayuwa. Na san wasu za su ce wannan wasan Nasara ne, irin na masu yawon buɗe ido da ke kwanciya rub da ciki a gaban ƙadangare. A ƙasar da fara ke iya shiga tsakanin mutum da tuwonsa, ni dai ban ɗauke shi wasa ba.

Waɗanda suka yi wayo a 1988 ba su manta ba, balle 2004, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, farin ɗango kuma suka sauka a kan gonaki da makiyaya. Abin da ya biyo baya a 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa ba sai an tuna wa kowa ba. Hausa ma ta haɗa masifun biyu a rubutu guda: fari na rashin ruwa da fari jam'in fara, harufa huɗu ne iri ɗaya, sai baki ya raba su. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa taron farin ɗango da ya rufe fili mai faɗin kilomita 1 da tsawon kilomita 1 yana ƙunshe da fara miliyan 40 zuwa 80, kuma ko mafi ƙanƙantarsa yana cinye abincin mutum 35,000 a yini ɗaya. Kowace ɗaya nauyinta kamar giram 2 ne, tana kuma cin kwatankwacin nauyin nata kullum. In iska ta ba su baya, sukan yi tafiyar kilomita 150 kafin rana ta faɗi.

To amma ba kowace fara ce farar ɗango ba, kuma nan ne amfanin hoto mai kyau yake. Wadda ta fi cin hatsinmu shekara da shekaru ƴar gida ce, wadda masana ke kira Oedaleus senegalensis. Tsawonta kamar rabin na farar ɗango ne. Ƙwanta yana kwana cikin ƙasa duk rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko. Takan bi damana ta yi arewa, sa'an nan ta komo kudu wajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin da tsabar hatsi ke da taushi. Alamarta tana kan wannan sirdi da ke bayan kanta: wani zane mai haske kamar an gicciya sanda biyu. In ta buɗe fiffike na ciki kuma, za ka ga baƙin zobe ya kewaye shi. Akwai kuma farar itace, babba, mai kwana kan ƙaya, wadda masu dakwara da fataken ƙaro suka san ɓarnarta. Ita ma takan yi taro, shi ya sa sau da yawa ake ɗaukarta farar ɗango, alhali akwai duhu a gindin fiffikenta na ciki, na farar ɗango kuwa garau yake ba zane. Kowace da irin yaƙin da ake yi da ita, da irin kuɗin da yake ci. Ma'aikacin kare tsirrai da ya karɓi hoton da ya nuna sirdi da fiffike ya san wadda yake fama da ita tun kafin ya nemi man mota.

Farar ɗango ita kanta fuska biyu gare ta. In tana zaman kaɗaici, ƴaƴanta kore ne, manyan kuma launin ƙasa, ba su son juna, da dare suke tashi, ba su da wata ɓarna. In ruwa ya sauka a Tamesna ko Ayar, ciyawa ta tsiro suka hayayyafa, daga baya ciyawar ta fara bushewa ta tara su wuri guda, sai hali ya canza, launi ya bi. Ƴaƴan su zama baƙi da rawaya, su riƙa tafiya a jere kamar soja. Manyan da ba su balaga ba su zama ja-ja, in sun balaga su koma rawaya. Bambancin ya kai har masana sun daɗe suna zaton halittu biyu ne dabam, sai a 1921 Boris Uvarov ya bayyana cewa fara ɗaya ce ke sake kama. A jami'ar Oxford ta Ingila, Stephen Simpson da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa gogar cinyar baya ce babban abin da ke tada wannan canji: da ɗan burushin fenti suka riƙa shafar cinyar fara mai kaɗaici har ta fara neman ƴan uwanta. Binciken 2009 ya nuna cikin awa biyu halin ke juyawa. Ke nan launin da ke cikin hoto labari ne cikakke. Ɗan fara kore yana cewa a sa ido. Baƙi da rawaya yana cewa sauran makonni kaɗan su yi fiffike, a yi maza tun suna ƙasa. Rawaya mai fiffike tana cewa ana gab da zuba ƙwai, kuma in ƙasa na da laima, cikin kamar mako biyu za a ga sabbi. Har a ido akwai shaida: idon farar ɗango yana da zane-zane a tsaye, duk saɓar da ta yi sai ɗaya ya ƙaru, wanda ya iya ƙirgawa ya san matakin da ta kai. Dishi-dishin salula ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Me ya sa hoton ke wuya? Sai mun ɗan yi lissafi irin na lakkol. Fara ba da ƙarfin nama kaɗai take tsalle ba. Takan naɗe ƙafar baya, ta ɗaure tsokar har kusan rabin sakan, ƙarfin ya taru a gwiwa kamar an ja baka, sa'an nan ta saki gaba ɗaya. Daga sakin zuwa barin ƙasa bai wuce kashi 3 cikin 100 na sakan ba, kuma tana fita da gudun kamar mita 3 a sakan. Kamara kuwa tana da ƙyaure da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga. In ƙyauren ya zauna a buɗe kashi 1 cikin 60 na sakan, kamar yadda salula kan yi a inuwa, fara ta yi tafiyar santimita 5 a cikin hoton, kusan tsawon jikinta: shi ne wannan shafe-shafen da muke gani. In an rage zuwa kashi 1 cikin 1000, milimita 3 ne kawai. A kashi 1 cikin 4000 bai kai milimita guda ba, a nan ne ƙayoyin ƙafarta ke fitowa ɗaya-ɗaya. Matsala ta biyu ɗan Adam ne da kansa. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akwai kamar kashi 1 cikin 5 na sakan. Kafin nan fara ta wuce kamu guda. Duk wanda ya jira ya ga tsalle kafin ya danna, hoton wurin da fara ta zauna zai kai gida.

Wannan yaƙi da sauri ya girmi kakanninmu. A 1882 wani likitan Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kamara mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto 12 a sakan, kowane a kashi 1 cikin 720. A gefen birnin Napoli na Italiya ya riƙa auna tsuntsayen teku da ita, mutanen wurin suka ɗauka taɓin hankali gare shi, tun da ga mutum yana saita bindiga kullum, ba ƙara, ba tsuntsun da ya faɗo. Almajirinsa Lucien Bull ya kai ga hoto sama da 1000 a sakan a 1904, da tartsatsin lantarki, don ya ga yadda ƙwari ke kaɗa fiffike. Sai a shekarun 1970 wani Baturen Ingila, Stephen Dalton, ya fid da hotunan ƙwari suna tashi tar-tar da launinsu, bayan ya haɗa fitilar da walƙiyarta ba ta wuce kashi 1 cikin 25,000 na sakan ba, da wani zaren haske wanda ƙwaron da kansa ke katsewa ya danna kamara. Wato shi ma ya sallama cewa yatsa ba zai iya ba. Kamarorin yau sun bi ta wata hanya: tun 2016 kamfanin Olympus ya fito da wadda ke fara tara hotuna da zarar ka ɗan taɓa maɓalli, in ka danna sosai ta ajiye har waɗanda suka gabaci dannawar. Wasu kamfanoni sun bi sahu. Kuɗinta kuwa, kada mu ɓata wa juna rai.

Abin farin ciki, hoton da ke da amfani ga manomi ba na fara a sama ba ne, na fara a zaune ne. Nan kuwa malamanmu ba su Faransa ba su Ingila. Matan karkara ne masu kamun fara, waɗanda ke cika buhunan da ake dafawa da gishiri a shanya, a soya da yaji, a sayar a kasuwanninmu har a tsallaka da su Najeriya. Ba mai fita kamun fara da rana tsaka. Da asuba suke fita, saboda jikin fara ba ya ɗumama kansa. Sanyin dare yana sandarar da ita, ta kwana maƙale a kara ko reshe, sai hannu kawai. In rana ta fito takan sauko ta ba ta gefen jikinta tana shan hantsi, kuma tarin farin ɗango ma ba ya tashi sai rana ta yi awa biyu ko uku da fitowa. Tsakanin sallar asuba da hantsi, nan ne kasuwar mai hoto take ci. Hasken lokacin ma ya fi: yana zuwa daga gefe, mai laushi, yana fid da zanen jiki. Hasken tsakar rana a kan rairayi ƙona launi yake yi, rawaya da ja-ja su koma fari ɗaya, alhali bambancinsu ne ake nema.

Sai kuma yadda ake matsowa. A ƙwaƙwalwar fara akwai wata jijiya da aikinta guda ne: lura da duk abin da ke ƙara girma da sauri a gaban ido, domin haka tsuntsu mai kawo sura yake bayyana. Masana biyu na jami'ar Newcastle, Claire Rind da Peter Simmons, sun taɓa zaunar da fara gaban fim ɗin Star Wars suna auna wannan jijiya yayin da jiragen ke tahowa, abin da ya jawo musu kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2005. An yi dariya, amma darasin na gaske ne. Hannun da ya miƙo salula farat ɗaya daga sama, a wurin fara shaho ne. Wanda ya durƙusa tun daga nesa, ya sauko daidai tsayinta, ya riƙa matsowa kaɗan-kaɗan yana tsayawa, bai bar inuwarsa ta faɗa kanta ba, sau da yawa yakan kai tazarar taƙi guda ba ta motsa ba. In ta zagaya bayan kara ta ɓuya, kamar yadda ta saba, kada ka bi ta da kamara. Ka sa yaro ya motsa hannu a hankali ta wancan gefe, ita da kanta za ta zagayo wajenka. Kuma ka fara ɗauka tun kana nesa, ka ƙara ɗaya a kowane taki, don in ta tashi kana da abin nunawa.

Kusanci yana da nasa haraji. Gwargwadon matsowarka, gwargwadon ƙanƙancewar wurin da ke fita sarai. Da gilashin da ke ɗaukar ƙwaro daidai girmansa, ko an tsuke ƙofar haske zuwa lamba 11, kaurin abin da zai fito tar bai kai milimita 2 ba. In ka fuskanci fara ta goshi, ido zai fito, sauran jiki ya narke. Shi ya sa ake tsayawa a gefenta, jikin kamara ya yi daidai da tsawon jikinta, kai da ciki da ƙafa su zauna a layi guda, a kuma saita a kan ido. Numfashinka kaɗai ya isa ya gusar da milimita biyun nan, balle iskar da ke kaɗa kara. A kafa gwiwar hannu a ƙasa, a riƙe karan da hannun hagu in ta yarda, a ɗauki goma don a sami ɗaya. A zamanin fim mai hoto 36, wannan shawara ce ta masu kuɗi. Yau ba ta cin ko dala.

Mai babbar kamara zai tarar da cewa tsuke ƙofa da gaggauta ƙyaure duk haske suke ci, abin da ke sa a koma ga fitila ko da rana. Walƙiyar fitila in an rage ƙarfinta takan gajarta ƙwarai, har ta fi ƙyauren sauri, ita ce ke tsayar da motsi. Sai dai tsirararta tana sa jikin ƙwaro ƙyalli kamar sabon kwano. Farar takarda ko farin ƙyalle a gabanta ya wadatar. Mai salula kuwa ya san iyakarta: yawancinsu ba su iya saita abin da ya fi kusa da kamar faɗin tafin hannu, in ka ƙara matsowa sai hoto ya dushe. Gara ka tsaya inda take gani sarai, ka taɓa fara a kan gilashi don ta saita a kanta, ka yanke hoton daga baya, da ka ja shi da yatsu biyu har ya farfashe. Kuma a share idon salula da gefen riga. Rabin dishi-dishin da ke yawo a ƙasar nan ƙura ce da maiƙon hannu.

In hoton na kai rahoto ne, kyau ba shi ne gaba ba. A kama ɗaya, kamar yadda yara ke yi, a ɗauke ta ta gefe, a ɗauki sirdin ta sama, a buɗe fiffiken ciki a ɗauka, da ƙwandalar dala ashirin ko ashana a kusa don a gane girma. Sa'an nan a miƙe tsaye a ɗauki filin gaba ɗaya, a ga yawansu da irin ciyawar da suke ciki, ɗanya ce ko busasshiya. A faɗi rana da sunan wuri. Salula da yawa suna rubuta waɗannan a cikin hoton da kansu, amma WhatsApp yana goge su, yana kuma rage ingancin hoton, sai fa in an aika shi a matsayin takarda. Wannan ƙaramin abu shi ke raba shaida da jita-jita, domin hoton tarin farin da suka rufe Kenya da Somaliya a 2020 yana nan a intanet, kowa na iya tura shi ya ce bayan garinsu ne. Tun wannan shekara FAO ta fito da manhajar salula mai suna eLocust3m don irin wannan rahoto. Mu a nan, hanyar da ta fi kusa ita ce malamin gona na yanki, ko ma'aikatar kare tsirrai, ko cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, CNLA. Masu binciken fara ba su da yawa, ƙasar kuwa faɗi gare ta, kuma akwai wuraren da rashin tsaro ya sa zuwansu ya yi wuya. Makiyayi da direba da malamin lakkol na ƙauye su ke fara gani. Aika wa wanda zai iya yin wani abu ya fi aika wa rukunin abokai ɗari biyu, waɗanda abin da za su iya kawai shi ne tada farashi.

Daji dai daji ne. Wanda zai durƙusa cikin ciyawa da sassafe ya tuna ba shi kaɗai ne a wurin ba: kububuwa launin ƙasa gare ta, kunama na ƙarƙashin dutse, ƙarangiya kuwa ba ta raga wa wandon kowa. A sa takalmi rufaffe, a duba wuri kafin a kafa gwiwa. Gonar da aka yi wa feshi ba wurin kwanciya ba ce, farar da aka tsinta a mace ko tana magagi a irin wannan gona kuma ba ta shiga tukunya ba, ba ta shiga buhun kasuwa ba.

Wani abu da ke ba ni takaici shi ne, masu hotonmu sun ƙware a kan mutane, tun daga Philippe Koudjina da ya adana mana daren Yamai na shekarun 1960 da 1970 har zuwa samarin da ke bin biki da suna a yau, amma in ɗan lakkol ya buɗe littafin kimiyya, da wuya ya ga ƙwaron gonar ubansa da hannun ɗan ƙasa ya ɗauka. Alhali dabarar guda ce ga dukan ƙananan masu sauri. Ƙadangare yana da dutsen da yake komawa shan rana, kurege yana da bakin raminsa, malam-buɗe-littafi yana da furen da yake zagayowa. Ba a bin su. Wurin ake saitawa a zauna.

Wanda kuma ya nace sai ya sami fara a sama, to ya sa ƙyaure a kashi 1 cikin 4000, ya ja baya kaɗan, ya bar fili a gabanta ta inda kanta ya fuskanta. Ya daina kallon idonta, ya kalli ƙafar baya. In ya ga ta naɗe ƙwauri ya manne da cinya, jiki ya ɗan daidaita ya tsaya cik, ta ja baka ke nan, abin da ya rage bai fi rabin sakan ba. A nan ake danne maɓallin ɗauka a jere, tun tana ƙasa, kada a saki sai ta ɓace.